Na'urar Sanyaya Ɗaki da Ƙishirwar Lantarki: Dalilin da Ya Sa Maganar Adana Makamashi Ta Taso

A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, ma'aunin zafi a garin Kayes da ke yammacin Mali ya kai digiri 48.5, kuma a kwanaki huɗun farko na watan asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102, adadin da ya kusan kai na dukan watan Afrilun shekarar da ta gabata. A wannan rana ce kuma hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta sanar da ƙarin kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 na wuta a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Babu abin da ya haɗa al'amuran biyu kai tsaye, amma tambaya ɗaya suka ɗora a gaban jama'a: idan zafi ya kai matsayin da yake kisa, kuma abin da ke kare mutum daga gare shi wutar lantarki yake ci, daga ina za a samo wutar, a wane lokaci, kuma wa zai biya?

Tun daga Indiya har Amurka, masu tsara harkar makamashi sun daina kallon na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da esi, a matsayin kayan alatu na cikin gida. Ta shiga sahun manyan abubuwan da ke yanke hukunci a kan yawan tashoshin wuta da za a gina, kuma ita ce ta sa maganar adana makamashi ta fito daga bakin injiniyoyi ta shiga kasafin kuɗin gwamnatoci.

Abin da na'urar ke yi da abin da take ci

Esi ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta kwashe zafin da ke cikin ɗaki ta fitar da shi waje, ta hanyar wani sinadari da ke zagayawa cikin bututu, yana zama iska a ɓangaren ciki inda yake tsotse zafi, sannan kwamfireso ya matse shi ya koma ruwa a ɓangaren waje inda yake sakin zafin. Kwamfireson nan shi ne ke shan mafi yawan wutar. Na'ura mai matsakaicin inganci takan fitar da zafi kimanin ninki uku na wutar da ta ci, amma duk lokacin da zafin waje ya ƙaru, turo zafin ciki zuwa waje yana ƙara wuya, saboda haka a ranar da aka fi buƙatarta a ranar ce ta fi cin wuta, kuma a ranar ce ingancinta ya fi raguwa.

Akwai ma'auni biyu da sai an bambanta su kafin a fahimci sauran bayanin. Wat, da kilowat mai wat 1,000, da megawat mai kilowat 1,000, suna auna ƙarfin wutar da ake ja a lokaci guda. Yunit kuwa, wanda mita ke ƙirgawa, shi ne kilowat ɗaya da aka ja na tsawon awa ɗaya. Fankar sama takan ja wat 60 zuwa 75, yayin da esi mai doki ɗaya da rabi kan ja sama da wat 1,000 idan kwamfireso yana aiki, wato na'ura ɗaya tana daidai da fanka 15 ko fiye. Mai gida yunit yake biya, shi ya sa hankalinsa ke kan jimillar wata. Kamfanin wuta kuma abin da ke hana shi barci shi ne megawat nawa za a ja a awa mafi tsanani.

Injiniya Willis Carrier ne ya ƙera na'urar zamani ta farko a 1902 domin wata maɗaba'a a Brooklyn da ke New York, kuma danshin da ke ɓata takarda aka so a magance, jin daɗin ma'aikata bai shigo lissafi ba. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bazu cikin gidajen Amurkawa.

Inda buƙatar ke tasowa

A rahoton da Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta fitar a 2018, an ƙiyasta cewa akwai na'urorin esi kimanin biliyan 1.6 a duniya, kuma adadin zai kai biliyan 5.6 nan da 2050, wato kusan sababbin na'urori 10 a kowace daƙiƙa har tsawon shekara 30. Rahoton ya ce esi da fanka suna cin kimanin kashi 10 cikin 100 na dukan wutar da duniya ke amfani da ita, kuma wutar da ake kashewa wajen sanyaya gine-gine za ta ninka sau uku idan ba a inganta na'urorin ba. Alƙalumman da suka fi jan hankali a ciki su ne na giɓi: a Amurka da Japan kusan kashi 90 cikin 100 na gidaje suna da esi, amma daga cikin mutum biliyan 2.8 da ke zaune a yankuna mafi zafi na duniya, kashi 8 kacal suke da ita.

Ana yawan ɗora wa ɗumamar yanayi alhakin wannan ƙaruwa, kuma tana da hannu, sai dai ba ita ce kan gaba ba. Samun abin hannu ne babban dalili. Da zarar iyali a ƙasa mai zafi sun wuce matakin neman abinci da firji da talabijin, esi ce takan biyo baya, kuma haka aka gani a biranen China daga shekarun 1990, haka ake gani yanzu a Indiya da Indunusiya. Sai yawan jama'a da ƙaura zuwa birane, inda kwalta da siminti ke riƙe zafin rana su sake shi da dare. Sai kuma sauyin gini. Gidan tubali mai kaurin bango da rufin soro yakan jinkirta shigar zafi na awoyi masu yawa, yayin da ɗakin bulo mai rufin kwano, musamman wanda ba a yi masa silin ba, yakan ɗauki zafi tun hantsi. Miliyoyin gidajen da aka gina a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram a shekarun baya-bayan nan an gina su ne a kan tsarin da ba ya zaunuwa a bazara sai da wuta.

Matsalar tana ga lokaci

Babban layin wuta na ƙasa ba ya ajiye komai. Duk abin da aka ja a wannan daƙiƙa dole a samar da shi a wannan daƙiƙa, kuma idan buƙata ta zarce abin da tashoshi ke bayarwa, ko dai a yanke wa wasu unguwanni da gangan, ko layin gaba ɗaya ya durƙushe. Wannan ne ya sa ake gina tashoshi da layukan dakon wuta da taransifomomi daidai da awa mafi tsananin buƙata a shekara, ko da kuwa awoyin nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba daga cikin awa 8,760 da ke cikin shekara. Lamarin ya yi kama da mai motocin haya da zai sayi bas ɗari saboda cunkoson jajibirin Sallah, alhali a sauran kwanakin shekara sittin sun ishe shi. Kuɗin arba'in ɗin da ke ajiye dole ya fito daga aljihun fasinjojin kullum.

Esi ita ce ke tura wannan ƙololuwa sama fiye da kowace na'ura, domin kowa a lokaci guda yake kunna ta. Firji yana aiki dare da rana, rani da damina, cinsa a shimfiɗe yake. Esi kuwa zafi ne ke ba ta umarni, kuma zafi gari guda yake rufewa. Bugu da ƙari, a irin ranar ce kayan samar da wutar su kansu ke rauni: injinan gas suna bayar da ƙasa da ƙarfinsu idan iskar da suke shaƙa ta yi zafi, wayoyi suna saki, taransifoma ba ta samun hucewa da dare, farantan sola ma ingancinsu yana ɗan raguwa, ruwan madatsu kuma yakan ja baya a ƙarshen rani. A ranar 30 ga Mayun 2024, cikin tsananin zafi, buƙatar wuta a Indiya ta kai megawat 250,000, abin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. Masar ta shafe bazarar 2023 da ta 2024 tana rabon wuta bi da bi, kuma ko Kuwait mai arzikin mai sai da ta yanke wa wasu unguwanni wuta a 2024.

A kallon farko hasken rana kamar ya warware matsalar, tunda lokacin da rana ta fi ƙuna lokacin ne sola ta fi bayar da wuta. Ga ofisoshi da bankuna da makarantu da shaguna hakan gaskiya ne. Amma sola tana kai ƙololuwarta da tsakar rana, zafin iska yana kai tasa wajen la'asar, bango da rufi kuma suna ci gaba da fitar da zafin da suka sha har tsakar dare. Mutane suna komawa gida su kunna na'urorinsu daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Tsakanin magariba da tsakar dare ne giɓin yake, kuma wannan giɓi na awa huɗu zuwa shida shi ne babban dalilin da ya sa ake maganar adana makamashi. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɗanɗana hakan a watan Agustan 2020, lokacin da aka tilasta yanke wuta bi da bi da yamma, duk da ɗimbin solar da jihar ke da ita.

Hanyoyin adanawa

Hanya mafi daɗewa, wadda har yanzu ta fi kowace riƙe makamashi mai yawa a duniya, ita ce ta ruwa. Ana gina tafki biyu, ɗaya a kan tudu ɗaya a ƙasa. Idan wuta ta yi yawa sai a tura ruwa sama da famfo, idan buƙata ta tashi sai a sako shi ya juya injin. Tashar Fengning a China tana da ƙarfin megawat 3,600, Ingula a Afirka ta Kudu kuma sama da 1,300. Irin wannan tasha tana daɗewa shekaru masu yawa, amma tana buƙatar tsauni da ruwa da jari mai nauyi da shekarun gini.

Batirin litiyam shi ne ya sauya lissafi a shekaru goman da suka wuce. IEA ta ce farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023, daga kimanin dala 1,400 a kan kowane yunit na ajiya zuwa ƙasa da dala 140, kuma kasuwar motocin lantarki da masana'antun China ne suka jawo faɗuwar. A 2017 aka kafa babban batirin Hornsdale mai megawat 100 a kudancin Ostareliya, wanda a lokacin aka ɗauke shi abin mamaki. Kalifoniya, wadda ke da megawat 770 na batir a 2019, ta haura 10,000 a Afrilun 2024, har ya zama a wasu ranaku da yamma batura ne ke bayar da kaso mafi girma na wutar jihar na ɗan lokaci. Yawancinsu awa huɗu aka tsara su riƙe, wato daidai giɓin magariba. Suna da iyaka: ba sa ɗaukar garin da ya shafe mako cikin zafi ba tare da isasshiyar wutar cika su ba, zafi yana rage musu kwana, kuma gobararsu tana da wuyar kashewa, kamar yadda aka gani a tashar Moss Landing a Janairun 2025.

Hanya ta uku ba a cika maganarta ba, alhali ita ce ta fi dacewa da wannan matsala. Tunda abin da ake nema a ƙarshe sanyi ne, ana iya adana sanyin kansa a maimakon adana wuta. Ƙanƙara tan ɗaya, yayin da take narkewa, tana tsotse zafi daidai da yunit 93, wanda ya kai abin da esi mai doki ɗaya da rabi za ta fitar a fiye da kwana guda tana aiki ba tsayawa. Ke nan ƙanƙara kilo 300 ta isa ta riƙe ɗaki na tsawon awa 8. Manyan gine-gine irin su benen Bank of America da ke New York suna daskarar da ruwa a tankuna lokacin da wuta ke da araha, su narkar da shi lokacin da take da tsada. A Dubai da Abu Dhabi da Doha, kamfanoni irin su Empower da Tabreed da Qatar Cool suna sanyaya ruwa a wuri guda su tura shi ta bututu zuwa gine-ginen unguwa baki ɗaya, wasu tashoshin da manyan tankunan ajiyar ruwan sanyi. Ruwa ba ya tsufa kamar batir, ba ya kamawa da wuta, ba a kuma haƙo shi daga ma'adinai. Nakasunsa shi ne yana buƙatar fili da tsarin bututu, sanyi kawai yake bayarwa, kuma ya fi biya a asibiti ko otel ko kasuwa fiye da gida ɗaya.

A da, da dare ake daskarar da ƙanƙarar domin amfanin rana. Inda sola ta yawaita, lissafin ya juya: wuta mafi araha tana tsakar rana, saboda haka a lokacin ya kamata a yi ƙanƙara, a sha sanyinta da dare. Ginin ma kansa ma'ajiya ce. Idan aka sanyaya ɗaki mai kaurin bango da rufi mai kariya tun da azahar da wutar sola, yakan riƙe sanyin zuwa wani ɓangare na dare.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Ɓangare na farko yana kallon esi a matsayin kayan ceton rai da haɓaka tattalin arziki. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Wani bincike da masana tattalin arziki suka wallafa a 2016 ya nuna cewa mace-macen da ranakun tsananin zafi ke haddasawa a Amurka sun ragu da kusan kashi 75 cikin 100 bayan 1960, kuma yaɗuwar esi a gidaje ce ta fi bayyana raguwar. A Turai, inda gidaje kaɗan ne ke da ita, zafin 2003 ya kashe kimanin mutum 70,000, na 2022 kuma sama da 60,000. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su da damar shiga tantuna da motoci masu sanyi. Masu wannan ra'ayi suna ganin rashin adalci ne ƙasashen da suka riga suka sanyaya gidajensu su nemi mazauna Sahel da kudancin Asiya su yi haƙuri, kuma abin da ya kamata shi ne a gina wuta mai yawa, ko ta gas ce.

Ɓangare na biyu ba ya musun amfanin na'urar, amma yana nuna cewa tana ƙara wa matsalar da take magani. Wutar da take ci a yawancin ƙasashe daga kwal da gas take fitowa. Zafin da take fitarwa a titi yake sauka, kuma wani bincike a birnin Phoenix na Amurka ya gano cewa yana iya ƙara wa daren wasu unguwanni sama da digiri ɗaya, wanda mara na'ura ne ke shan sa. Sai kuma gas ɗin da ke cikinta: R-22 da R-410A, idan suka zube, kowane kilo yana riƙe zafi a sararin sama kusan ninki 2,000 na kilo ɗaya na hayaƙin kabon. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yi maganin sinadaran da ke huda rufin ozon, wato shimfiɗar iskar da ke sararin sama tana tare hasken rana mai cutarwa, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya tanadi rage waɗanda suka maye gurbinsu da sama da kashi 80 cikin 100 a hankali. A taron yanayi na Dubai a Disambar 2023, ƙasashe fiye da 60 sun yi alkawarin rage hayaƙin da ke da nasaba da sanyaya wurare da kashi 68 cikin 100 nan da 2050, sai dai alkawari ne da ba shi da tilas.

Ɓangare na uku, wanda yawancin injiniyoyi ke ciki, yana cewa a fara da rage buƙatar kafin a yi maganar batir, domin megawat ɗin da ba a ja ba ya fi wanda aka adana araha. IEA ta lura cewa na'urar da mutane suka fi saya ingancinta bai kai rabin na mafi kyawun da ke kasuwa ba, saboda mai saye farashin yau yake kallo. Gwamnatoci sun gwada dabaru iri-iri. Japan ta fara kamfen a 2005 na saita ofisoshi a digiri 28 tare da sassauta sa kwat. Indiya ta wajabta wa masu ƙera esi su fito da ita a saite a digiri 24 daga 2020, bisa lissafin hukumarta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage cin wuta da kimanin kashi 6 cikin 100, sannan a 2023 ta fitar da ƙa'idar farashi mai bin lokaci, mai sauƙi a awoyin rana, mai tsada a awoyin cunkoso. Birnin Ahmedabad, bayan zafin 2010, ya fito da shirin kare jama'a a 2013, daga baya aka haɗa da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Ghana ta haramta shigo da firji da esi na hannu. Masu suka suna cewa irin waɗannan dokoki suna tsadar da na'urar ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma sukar tana da tushe matuƙar babu hanyar saye a biya a hankali, ko da yake kuɗin wutar da tsohuwar na'ura ke ci yakan cinye rangwamen da aka samu wajen sayenta cikin 'yan shekaru.

Yadda abin ya shafi Najeriya da Nijar

A nan matsalar ta zo da wata fuska, domin layin ƙasa bai taɓa biyan buƙatar da ake da ita ba, balle wadda ke tafe. Najeriya tana da tashoshin da aka girka masu ƙarfin kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, kuma ko bajintar da aka yi shela a Maris ɗin 2025 ba ta wuce kimanin 5,800 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Esi miliyan 5 masu doki ɗaya da rabi, idan aka kunna su lokaci guda, sun isa su shanye wannan wuta kaf. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar layin ƙasa kwata-kwata. Arewa, wadda ta fi zafi, ita ce ta fi nisa da tashoshin gas da ke kudu, kuma a Oktobar 2024 lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir sun jefa yawancin jihohinta cikin duhu fiye da mako guda. Nijar, wadda a lokacin take sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, ta ga illar dogaro lokacin da aka yanke mata layi a Agustan 2023 bayan juyin mulki, kuma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke kusa da Yamai ta rage raɗaɗi da rana ne kawai.

Lissafin gida ɗaya ya isa ya nuna girman al'amarin. Esi mai doki ɗaya da rabi da ta kwana tana aiki awa 8 a tsakiyar bazara tana iya cin yunit 8 zuwa 10. A farashin rukunin A bayan an rage shi zuwa naira 200 da 'yan kai, wannan ya kai kusan naira 2,000 a dare, wato wajen naira 60,000 a wata a kan ɗaki guda, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Janareta ya fi haka tsada tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Wanda ya koma sola kuma yakan gano cewa farantan ba su ne masu tsadar ba. Batirin dalma na gargajiya mai lamba 200, wanda ya cika kasuwa, yana riƙe kimanin yunit 2.4, kuma rabi kawai ake iya ja idan ana so ya daɗe, don haka sai an jera wajen guda 8 kafin a kwana da esi ɗaya. Da litiyam ana buƙatar mai yunit 10 ko kusa da haka. Wannan ne ya sa gidaje da yawa masu sola suke kunna esi da rana su koma fanka da dare.

Sakamakon farko shi ne rabuwar jama'a gida biyu. Masu hali da manyan kamfanoni suna ficewa daga layin ƙasa zuwa sola da batir, kuma su ne kwastomomin da suka fi biya. Pakistan ta riga ta shiga wannan hali: a 2024 kaɗai ta shigo da farantan sola masu ƙarfin kusan megawat 17,000, kuma kuɗin kula da tashoshi da layuka ya koma kan waɗanda ba su da halin ficewa. Sakamako na biyu yana ga taransifomar unguwa, wadda aka girka domin fitila da fanka da talabijin. Gidaje kaɗan ne za su sa esi ta fara ƙonewa a watan Afrilu, kuma a aikace mazauna unguwa ne kan yi karo-karo a gyara. Na uku ya shafi abin da ya fi sanyin ɗaki muhimmanci, wato allurar rigakafi da jini da insulin a asibitoci, da tumatir da kifi da nono a kasuwanni. A nan ne adana sanyi ya riga ya nuna amfaninsa, domin firjin rigakafi mai aiki da sola kai tsaye ba ya buƙatar batir, ƙanƙarar da ya yi da rana ce ke riƙe shi har gari ya waye.

Yankin yana da wata dama da biranen gaɓar teku irin su Legas ba su da ita. A Maris da Afrilu iskar Sahel busasshiya ce, kuma a busasshiyar iska ruwa mai ƙafewa yana sanyaya wuri sosai. A kan wannan ƙa'ida randa ke aiki, a kanta kuma Mohammed Bah Abba ya gina dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Na'urar da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen abu, wadda ta yawaita a Yamai da Khartum, tana cin kaso kaɗan na wutar da esi ke ci, kuma ƙaramin batir yana iya kwana da ita. Ƙarfinta yana raguwa da zarar damina ta kawo danshi, tana kuma buƙatar ruwa a lokacin da ruwa ke wahala. Ta fuskar gini, makarantar Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya zana da tubalin ƙasa da rufin kwano da aka ɗaga sama domin iska ta ratsa, ta nuna cewa ana iya haɗa kwano da ƙasa a sami aji mai zaunuwa ba tare da esi ba.

Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohin Najeriya ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka wasu daga cikin hukunce-hukuncen nan a jihohi za a yanke su. Farashi mai bin lokaci, wanda shi ne ke sa otel ko asibiti ya ga ribar gina tankin ƙanƙara, ba ya yiwuwa sai da mita mai gane awa, alhali kusan rabin kwastomomin ƙasar ba su da mita ko wace iri ce, ana yanka musu kuɗi ne bisa ƙiyasi. Wanda ake yi wa ƙiyasi kuwa ba shi da dalilin sayen na'ura mai tsimin wuta ko saita ta a digiri 25, tunda abin da zai biya a ƙarshen wata ba ya sauyawa.